Cefanen wata da ciwon sukari: yadda wani gida a Makka ya sake lissafin tukunyarsa

Gidan yana cikin lungunan da ke bayan Sharar Mansur a Makka, hawa na biyu, ɗaki uku da kicin ɗin da mutum biyu ba sa iya juyawa a cikinsa lokaci guda. Bakin ci bakwai ne. Maigida yana da shekara 52, direba ne mai jigilar masu Umara tsakanin Makka da Jidda da Madina. Sai uwargida, sai mahaifiyarsa Hajiya wadda ta haura saba'in kuma ta daɗe tana shan maganin hawan jini, sai yara huɗu, babbar mai shekara 17, autan mai biyar.

Gwajin jini ne ya tayar da maganar. Yawan fitsarin dare da ƙishirwa suka kai maigida mustausaf, wato ƙaramin asibiti, gwajin HbA1c mai auna matsakaicin sukarin jini ya nuna 9.1, alhali daga 6.5 ake cewa mutum yana da ciwon sukari. Likita ya ɗora shi kan magungunan sukari metformin da gliclazide, ya ce ya rage shinkafa da zaƙi. Wannan magana tana da sauƙin faɗa a ɗakin likita. A gidan da tukunya ɗaya ce, tire ɗaya ake zagayewa, ba a iya rage wa mutum ɗaya shinkafa sai an taɓa cefanen gidan gaba ɗaya. Saboda haka ba da jadawalin abinci aka fara ba. An fara da tattara fatura, wato rasit ɗin kanti, ta wata guda, aka haɗa da littafin bashin bakala, ƙaramin shagon da ke ƙasan bene.

Abin da fatura ta nuna

Cefanen gidan sau ɗaya ne a wata, ranar da kuɗi suka shigo. Ana cika bayan mota da buhun shinkafa mai kilo goma guda huɗu, katan ɗin mai (kwalba shida masu lita ɗaya da rabi), buhun sukari kilo goma, gishiri kilo ɗaya, dunƙulen magi, katan ɗin kaza mai ƙanƙara, katan biyu na lemon gwangwani, taliya, madarar gwangwani. A hanyar dawowa a biya halaka, wato kasuwar sarin kayan lambu, a ɗauko katan na tumatir da na kokwamba da buhun albasa da na dankali.

Da aka raba waɗannan a kan kwana 30 da mutum bakwai, sai hoton ya fito. Shinkafa kilo 40 tana nufin giram 190 ɗanya ga kowane mutum a rana, wato kusan kalori 680 kafin a zuba mata komai, kuma har da autan da bai fi loma biyar ba aka raba, ke nan rabon manya ya fi haka nesa. Mai lita 9 ya kama mililita 43 ga kowa, kusan babban cokali uku, kalori 350. Sukari giram 48, ƙaramin cokali 12. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce kimanin giram 50 a rana, in ya tsaya a 25 ya fi. Gidan ya cinye iyakarsa a shayi da kunu tun ba a buɗe gwangwanin lemo ba, wanda mai mililita 330 yake ɗauke da kusan giram 35. Gaskiya ne baƙi suna shan nasu rabon, amma baƙin gidan ba su kai su sauya lissafin ba.

Gishiri ne ya fi ba uwargida mamaki, domin ita a ganinta hannunta ba ya da nauyi. Kilo ɗaya a wata giram 33 ne a rana. Tana jefa dunƙule huɗu a yini, irin manyan nan na nan ƙasar masu nauyin kusan giram goma, waɗanda kusan rabinsu gishiri ne. Jimilla ta haura giram 50, kowa ya tashi da fiye da giram bakwai, iyakar kuwa giram biyar ce. Ba a lissafa na burodi da cuku da ful (babban waken Larabawa) na gwangwani da zaitun da taliyar leda ba. Ba a kuma lissafa kanwar da ake jefa wa wake da miyar kuɓewa ba, ita ma sodiyam ce, sinadarin da ke sa gishiri ya hau da jini.

Kayan lambu kuwa, a takarda an saye su da yawa. A zahiri katan ɗin tumatir yana fara ruɓewa kafin kwana goma, kokwamba ta yi ruwa a ƙasan tallaja, wato firij, a kwashe a zubar. Daga tsakiyar wata ba abin da ke saura sai albasa da dankali da tumatirin gwangwani. A nan littafin bakala ya shigo: bayan Isha ana aiken yara su sayo burodin samuli da cuku da indomi da lemo, sau biyu a mako kuma a yi odar kaza burost. Babu wanda ya taɓa zama ya tsara cewa haka za a riƙa ci da dare. Kayan da ke jure wata guda su ne sitaci da mai da sukari, masu amfanin kuma sun lalace tun mako na biyu, sai bakala ta cike gurbin. Wannan shi ne ainihin ciwon gidan, kuma shi aka fi mayar wa hankali.

Raba cefane gida uku

An bar cefanen wata yadda yake ga busassun kaya, sai dai an sauya adadi. Shinkafa ta sauko zuwa kilo 32 a watan farko, 28 a na biyu. Aka ƙaro adas (wani ƙaramin wake mai faɗi) kilo uku, wake kilo uku, busasshen ful kilo biyu, garin dawa da gero, da alkamar da ba a cire wa dusa ba, wadda a nan ake ce wa burr. Mai ya koma kwalba huɗu, da sharaɗin kwalba ɗaya a mako. Lita ɗaya da rabi a kwana bakwai ga mutum bakwai babban cokali biyu ne ga kowa a rana. Sauran kwalaben ba sa zama a kicin. Sukari ya koma kilo biyar, ana zuba kilo ɗaya da kwata a gwangwani ranar Asabar, wanda ya yi daidai da giram 25 ga kowa. Dabarar nan ba ta buƙatar sikeli ko awo kullum. Uwargida tana duban kwalba ranar Talata ta san ko tana kan hanya.

Lemon gwangwani an cire shi daga cefanen wata gaba ɗaya, kuma daga nan kuɗin kayan lambu suka fito. A watan Yuni na 2017 Saudiyya ta ɗora harajin kashi 50 cikin ɗari a kan lemo mai gas da kashi 100 a kan lemon ƙara kuzari, a Disamban 2019 aka faɗaɗa shi zuwa sauran abubuwan sha da aka zuba wa sukari, a Yulin 2020 kuma harajin saye ya tashi daga kashi 5 zuwa 15. Mai sayen katan biyu a wata yana biyan haraji ba tare da ya lura ba.

Kashi na biyu shi ne cefanen mako, ranar Asabar bayan sallar Asuba a halakar Ka'akiyya, kafin rana ta buɗe. Abin da ake so kowane babba ya ci na kayan lambu da 'ya'yan itace giram 400 ne a rana, dankali ba ya cikin lissafin. Ga gida irin wannan ya kama kusan kilo 20 a mako. Aka tsara shi haka: tumatir kilo uku, albasa biyu, kokwamba biyu, karas ɗaya da rabi, kabeji ɗaya da rabi, kuɓewa ɗaya, kusa (ɗan kabewa mai kama da kokwamba) ko bazinjan (babban yalo) ɗaya da rabi, ganye ɗaya da rabi tsakanin mulukiyya, wato lalo, da jarjir na salak da sabanik mai kama da alayyafo. Sauran kilo shida 'ya'yan itace ne, lemon zaƙi da ayaba da duk abin da yake lokacinsa, kankana da bazara, rumman na Ɗa'if da kaka. Matsalar halaka ita ce katan-katan ake sayarwa, araharta ke nan kuma tarkonta ke nan. Aka haɗa kai da maƙwabta gida biyu, a sayi katan a raba uku a bakin bene.

Sayen kaya bai isa ba sai an san wanne za a fara ci. Ganye yana da kwana biyu, saboda haka Asabar da Lahadi nasa ne. Kuɓewa da kusa da kokwamba su biyo baya zuwa Laraba. Kabeji da karas suna jira har Juma'a ba su ce komai ba. Ba a wanke ganye kafin a adana shi sai in za a tsane shi sarai, domin laima ce ke ruɓar da shi. Ayaba da nunannen tumatir suna fitar da wata iska mai gaggauta nuna, in aka haɗa su aljihu ɗaya da kokwamba ko ganye sai su yi rawaya kafin lokaci. Albasa da dankali ma ba sa shiri a kwando ɗaya. Rabin tumatirin kuwa ranar da ya zo ake markaɗa shi da tattasai da attarugu da albasa, a dafa har ruwan ya ja, a raba a ƙananan robobi shida a jefa firiza. Roba ɗaya miya ɗaya. Wannan aikin awa guda ya kashe uzurin da ake bayarwa da dare, cewa babu kayan miya.

Kashi na uku bakala ce. Ba a rufe littafin ba, an dai taƙaita abin da ake rubutawa a cikinsa: burodin burr, laban (nonon sha), zabadi (kindirmo) marar sukari, ƙwai. An gaya wa mai bakalar baki da baki.

Jadawalin kansa bai ɗauki dogon zama ba. Safe ful ne da tumatir da albasa, ko ƙwai, ko kunun gero da laban. Rana shinkafa sau huɗu a mako maimakon bakwai, sauran ranakun tuwon dawa da miyar kuka ko kuɓewa ko mulukiyya, da dambu mai zogale. Dare shurbar adas, ko faten wake, ko abin da ya rage da salak. Kaza ɗaya mai nauyin kilo tana isar mutum bakwai in an haɗa da wake ko hummus. Kifi sau biyu, ɗanye in maigida ya biyo ta Bangala, kasuwar kifi ta Jidda, da kula mai ƙanƙara, in ba haka ba tuna ta gwangwani wadda ke cikin ruwa. Ful na gwangwani ana tsiyaye ruwansa a ɗauraye, hakan yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na gishirinsa.

Inda aka yi tuntuɓe

Makon farko uwargida ta sayo shinkafa mai ruwan ƙasa, ta dafa ta yadda take dafa fara. Ta fito da tauri, yara suka ture tire suka sauka bakala da kuɗin makarantarsu. Irin wannan shinkafar tana son jiƙo na akalla rabin awa da dahuwar kusan minti 40. Amma ko an iya dafa ta, sauya wa gida ɗanɗanon da ya saba a rana ɗaya kuskure ne. Aka koma basmati mazza, wadda aka turara tun tana cikin ɓawonta. Ba ta hau da sukarin jini da sauri kamar shinkafa mai danƙo, kuma ita aka saba yin kabsa da bukhari da ita. Sai aka riƙa cire kofi ɗaya cikin huɗu a maye gurbinsa da adas ko wake. Garau-garau ce dai, ba wanda ya yi ƙorafi.

Tuntuɓe na biyu na maigida ne. Ya bar lemon gwangwani da gaske, ya koma ruwan 'ya'yan itace na kwali da dabino. Na'urarsa ta gwajin sukari ta ci gaba da nuna sama da 200 bayan cin abinci, har ya fara cewa maganin ne ba ya aiki. Ruwan lemo ko na tuffa, ko da an rubuta kashi ɗari bisa ɗari, yana da sukari kusan giram goma a kowane mililita 100, bai yi nisa da lemon gas ba. Wanda aka rubuta wa nektar ko sharab kuwa ruwa ne da sukari da ɗan 'ya'yan itace. Dabino kuma irin wanda ake ce wa sukkari yake ci da gahawa, bakwai, goma, bai ƙirga ba, domin a ransa abincin sunna ba ya cutarwa. Ƙananan dabino uku suna da kimanin giram 15 na sukari. Aka tsayar masa da uku a zama ɗaya, ruwan kwali kuma aka maye shi da lemon ɓarewa da laban. Babbar yarinyar ce aka koya wa karatun bayan kwali, tunda ita ta fi kowa Larabci na rubutu: ta duba adadin sukari ta raba da huɗu ta sami ƙaramin cokali nawa ne, ta duba sodiyam ta ninka sau biyu da rabi ta sami gishiri, ta kuma lura ko lissafin na giram 100 ne ko na kwalin duka.

Na uku ya fi su haɗari. Ran nan ya sha gliclazide da safe, ya ci rabin burodi, ya kama hanyar Madina, tafiyar fiye da kilomita 400. Da rana ya wuce wurin hutun matafiya bai ci ba, don abin da ake sayarwa shinkafa ce tuli kuma an ce ya rage. Kafin La'asar hannunsa ya fara rawa, gumi ya keto masa cikin sanyin mota. Allah ya sa ya gane ya faka. Gliclazide yana matsa wa jiki ya fitar da insulin ko an ci ko ba a ci ba, saboda haka mai shan sa ba ya tsallake abinci, balle mai riƙe da sitiyari da rayukan mutane a bayansa. In sukari ya sauko ƙasa da 70, a ci giram 15 na zaƙi, a jira minti 15 a sake gwadawa, kuma ba a tayar da mota sai jiki ya dawo sarai. Nan ne muhallin dabino uku, a aljihun mota. Ya koma wurin likita aka sake duba adadin maganin, tunda abincin ya sauya. Uwargida kuma ta shigar da guzurin hanya cikin cefanen mako: dafaffen ƙwai biyu, burodin burr, kokwamba, laban, gyaɗa marar gishiri, a ƙaramar kula mai ƙanƙara. Kular ba ado ba ce. Dafaffen abinci ba ya wuce awa biyu a waje, in zafi ya haura digiri 32 awa ɗaya ne, Makka kuwa da bazara tana wuce 40. Shinkafar da ta kwana a kan murhu ma haka, ƙwayar cutar da ke tsira a cikinta tana barin dafin da ɗumame ba ya kashewa. A baza ta a faranti ta huce da wuri a sa tallaja.

Sai maganar tire. Shawarar da ake ba masu sukari ita ce faranti mai faɗin kusan santimita 23, rabinsa kayan lambu, kwata nama ko kifi ko wake, kwata shinkafa ko tuwo. Da aka kawo wa maigida nasa farantin daban, kwana biyu ya yi ya ce shi ba baƙo ba ne a gidansa. Yana da gaskiya. Aka mayar da tsarin kan tiren kansa: shinkafa a tsakiya ba tuli ba, salak da dafaffen kabeji da karas sun zagaye ta, a gefen da yake zama a zuba masa ludayi ɗaya ya san iyakarsa ke nan. Tukunya kuma tana zama a kicin. Tuwon dawa da ya ɗauka ba shi da laifi shi ma sitaci ne, malmala ɗaya matsakaiciya, miya ce ake yawaitawa.

Hajiya ce ta fi wahalar shawo kai. Uwargida ta janye dunƙule huɗun a rana ɗaya, Hajiya ta ɗanɗana miya ta ajiye cokali ta ce wa ɗanta, "Ɗan nan, asibiti aka mayar da gidan ne?" Bayan kwana uku aka tarar da dunƙule biyu a ƙulle a bakin gyalenta, tana marmasawa a kwanonta. Harshe yana sabawa da ƙarancin gishiri, amma a hankali, cikin makonni. Aka koma uku, bayan mako biyu aka koma biyu, aka cike gurbin da daddawa da tafarnuwa da citta da kamun da busasshen lemon nan baƙi da ake jefa wa kabsa, da matsin lemon tsami bayan an sauke. Daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa ba su da wuyar samu wurin mata masu talla a unguwar. Yajin da suke sayarwa ne sai an tambaya, yawanci an riga an dake shi da gishiri da dunƙule. Wani maƙwabci ya kawo shawarar gishirin kanti mai ƙarancin sodiyam. Ba a saya ba sai da aka tambayi likita, domin potasiyam ne a cikinsa, kuma yana iya taruwa a jinin mai raunin ƙoda ko mai shan wasu magungunan hawan jini. Likitan ya ce kada Hajiya ta yi amfani da shi. Saboda haƙoranta kuma salak bai yi mata ba, nata rabon ganyen a miya da fate yake zuwa.

Bayan wata uku

A wata na uku fatura ta nuna shinkafa kilo 28, mai lita shida, sukari kilo shida maimakon biyar ɗin da aka tsara, domin gwangwanin mako yana ƙarewa ranar Alhamis in an yi baƙi. Dunƙule biyu a rana. Burost sau ɗaya a mako, daren Juma'a, an bar shi da gangan. Kuɗin wata bai ragu ba, bai kuma ƙaru sosai ba, wuri ya sauya: abin da lemo da littafin bakala ke ci ya koma halaka. Ba a sake gwajin HbA1c ba sai a ƙarshen watan na uku, domin gwajin yana auna matsakaicin sukarin kusan wata uku ne, yin sa da wuri ɓarnar kuɗi ce. Ya nuna 7.6. Magani yana da nasa kason a wannan saukar, ba a iya cewa cefane kaɗai ya yi ta.

Abu biyu ba su warware ba. Ɗan shekara 14 yana sayen lemon ƙara kuzari a hanyar makaranta da kuɗin aljihunsa, ba ya shiga fatura ko littafi. Na biyu kuma lokacin aiki ne. Daga Ramadan zuwa bayan Hajji maigida ba ya samun safiyar Asabar, halaka ta cika, gidan ya cika da 'yan uwa daga Najeriya da Nijar, ga sambusa da lugaimat da Vimto a kowace sufura. An fara shiri tun Sha'aban: robobin kayan miya goma sha biyu a firiza, mulukiyya da kuɓewa da gaurayen kayan lambu masu ƙanƙara daga kanti, waɗanda amfaninsu bai gaza na ɗanye ba, an kuma shirya da maƙwabcin da ke raba katan ya riƙa zuwa halaka shi kaɗai a biya shi kuɗin mota. Maigida yana da ganin likita mako biyu kafin azumi, don a tsara masa lokacin shan gliclazide tsakanin buɗa-baki da sahur.